Ƙugun Yaya Tanimu

Tun da doka ta hana gyara ƙarfen ƙugun da aka dasa a karkace sai ƙashi ya karye, ni da na gaji ɗori na koma mai karyawa.

Da hantsi yayana Tanimu ya shigo yana ɗingishi. Ƙarfensa ya karkace, ƙashin yana zaizayewa.

"Buga, Ilu," ya ce. "Ko sai na fara rarrafe?"

Ya cije hularsa, na sauke masa taɓarya. Ƙashin bai yi ƙara ba, lotsawa ya yi kamar itacen da gara ta cinye.

"Ya karye?" ya tambaya yana haki.

Na ce ya karye. Ban gaya masa babu sauran ƙashin da zai riƙe sabon ƙarfe ba.