Mai Azumi

Ana ajiye mata kofin ruwa ta ture shi, kamar yadda ta saba.

A wurin gini Mai Azumi suke kiran ta. Wuni take tana jera bulo a rana, ko kurɓa ba ta yi, har maza na roƙon ta sa su a addu'a. Ba wanda ya lura banɗaki ɗaya ne a wurin, babu ƙofa, kuma ita kaɗai ce mace. In ta yi magana a ce aikin maza ta zo nema. In ta bari, yara su ci me?

Da ƙyar yayarta ta turo ta taron ƙungiyar mata magina.

Shugabar, wata dattijuwa mai kaushin hannu, ta dubi kofin da Mai Azumi ta ture, ta dubi busasshen leɓenta.

"Naku ma ba ƙofa ko, ƙanwata?"

Mai Azumi ta sunkuyar da kai.

"Duk nan mun yi wannan azumin. Gobe za mu je wa ɗan kwangilarku, mu duka." Ta mayar mata da kofin. "Lokacin shan ruwa ya yi."