Magajin Buƙata

Tun da hukumar kasafin kuɗin jiha ta miƙa rabon ayyuka ga na'ura, minti ɗaya kowane ƙauye yake samu a shekara ya faɗi buƙatarsa. Inna Tabawa ta yini a layi saboda rijiyar ƙauyensu da ta rufta. Ta gama bayani, takarda ta fito.

"An amince, Inna," in ji ma'aikacin, ko kai bai ɗago ba. "Nan da shekara talatin."

"Ɗan nan, shekarata saba'in."

"Shi ya sa aka bar gurbi a ƙasa. Wa zai gaji buƙatar?"

Ta daɗe tana tunanin waɗanda ba su ƙaura ba tukuna. Matasan ƙauyen duk sun tafi birni. Can ta ba da sunan ƙanwarta Dije, mai shekara sittin da takwas.