Ƙaramar Askar Ɗantsoho

Ɗantsoho ya sauko da zabirarsa daga jikin ƙusa, ya kakkaɓe yanar gizo, ya zazzage kayan a kan tabarma. Ƙaho, dutsen wasa, guntuwar fata da asake uku. Ƙaramar ya ɗauka, wadda ya saba askin suna da ita.

Rabonsa da aiki tun bara waccan, lokacin da hannunsa na dama ya fara rawa. Ko shayi zai kai baki sai riga ta sha rabonta. Kafin nan ma kasuwa ta riga ta watse masa. A zamanin kakansa maƙeri ke ƙera aska, wanzami ya wasa ta, sabulun salo da ruwan rijiya su ƙarasa sauran. Zamanin ubansa reza ta shigo. Nasa zamanin kuwa, kowane lungu a Tudun Wada akwai shagon aski da janareta, ana ɗora wa mutum kilifa a ka ido na kan ƙwallo a talabijin. Yakan ce shi bai ji haushi ba. Duk wanda ya san shi ya san ya ji.

Amma yau 'yarsa Zulfa ce ta aiko. Watanni ke nan tana zirga-zirgar asibiti, shekaranjiya aka sallamo su. Saƙonta gajere ne: in ba Babanta ba, babu mai taɓa kan nan. Mijinta Jamaluddeen ya ƙara da nasa a waya, murya ƙasa-ƙasa. Likita ya ce ko ƙwarzane kada a samu, domin jinin ba ya tsayawa da wuri, kuma ɗan rauni kaɗan zai iya mai da su gadon asibiti.

Ɗantsoho ya wasa askar, ya goge ta a fata, ya tafasa ta a tukunya. Ya gwada ta a gashin damtsensa, ya ga ɗigon jini ya fito. Ya daɗe yana kallonsa. Ya tsaga fuskokin jama'a ba adadi bai taɓa jin ɗar ba, yau ga shi gabansa na faɗuwa. Da ma an ce wanzami ba ya son jarfa.

Mai keken da ya ɗauke shi zuwa Kwangila ya hango zabira, ya washe baki.

"Baba, an samu ƙaruwa ke nan?"

"Ka dai sa mu a addu'a," in ji Ɗantsoho.

Ƙofar gidan shiru. Babu tabarmi, babu goro, babu rago a ɗaure. Jamaluddeen ya tarye shi a tsakar gida da leda cike da kaya: gwangwanin kumfar aski, reza mai baki uku, sabuwar kilifa. Abin tausayi, ya rasa abin da zai yi ne ya shiga kanti ya kwaso duk abin da idonsa ya gani.

"Kumfar akwai turare a ciki, Baba, ina tsoron ta yi zafi. Kilifar kuma fisga take. Amma na karanta a waya, wai yanzu masu fata mai laushi man kaɗanya suka koma."

"Duniya ta zagayo ke nan," in ji tsohon. Ya zaro ɗan ƙoƙo daga zabira. Man kaɗanya ne.

Matar Ɗantsoho, Hajo, wadda ta tare a gidan tun ranar sallama, ita ta ɗaga masa labule. Idanunta sun kumbura, tsinken tsifa na hannunta. Ta ajiye ruwan ɗumi da ɗan farantin tara gashi, ta koma jikin bango ta zauna.

Ya yi bismillah, ya ɗora kan a cinyarsa. Babu nauyi ko kaɗan. Da almakashi ya fara, sannan ya jiƙa da ruwan ɗumi, ya narkar da man a tafinsa ya shafa. Da ya ɗaga askar, hannun ya hau rawa kamar an aiko shi. Ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Ya ji ya tsani hannun nan da ya ciyar da shi shekara da shekaru.

"Baba," in ji Zulfa a hankali, "ba sauri muke ba."

Ya kafe gwiwar hannunsa a haƙarƙari, ya riƙe numfashi, ya ja askar daga goshi zuwa tsakiya. Ta wuce lafiya. Ya sake ja. A wasu wuraren ma bai sami aiki ba, gashin da kansa yake biyo yatsa. Farantin ya cika, Hajo ta tashi ta kawo babban tire.

Bayan kunne ne wurin da wanzamai ke tsoro. A bayan na hagu akwai ɗan baƙin tabo, kuma yatsansa ya kewaye shi tun kafin idonsa ya gani. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya bi ƙeya a hankali har ya kai ƙarshe.

Ya goge kan da farin ƙyalle, ya ɗaga shi wajen hasken taga ya duba gaba da baya. Fari tas, babu ɗigon ja.

Sai bakinsa ya riga shi. Abin da ya saba faɗa a kan kowane jariri in ya gama, shi ya fito.

"Allah ya raya."

Hajo ta tura mayafi a baki. Jamaluddeen ya juya ya fuskanci bango.

Zulfa ta ɗago kanta daga cinyar ubanta, ta shafa inda ragowar kitson da maganin ciwon daji ya bar mata yake ɗazu, ta ce, "Amin, Baba. Wancan karon da ka roƙa mini ranar sunana an karɓa, ka ƙara roƙo."