Awon Tela a Sabon Coci

Tela ya isa sabon cocin da sassafe don ya samu bencin baya, sai ya tarar an riga shi. Benci ukun baya a cike maƙil, na gaba kuwa wayam. Dole ya raɓa a tsakiya, ya ɓoye ɗan littafinsa na rubutu a cikin Littafi Mai Tsarki.

Fastonsu ne ya aiko shi. Mako biyu ke nan da aka buɗe cocin a wani tsohon shagon kujeru, dattawan ikilisiyar su Tela duk sun kasa barci. Su waye waɗannan mutane? Masu tsalle ne ko masu natsuwa? Za su kwashe musu jama'a? Tela ya daɗe yana cika baki cewa da ido yake auna mutum, ba ya buƙatar tef ɗin awo. Fasto ya ce to ga ranarsa: in ya kawo rahoto mai kyau, kujerar dattijo da ya shekara shida yana nema ta zama tasa. In kuwa ya kwafsa, surukin Tela na nan yana jiran kujerar.

Aka fara waƙa. Matar faston wurin ce kaɗai ke ɗaga murya, sauran sai motsa leɓe. Tela ya rubuta: masu tawali'u ne, ba su son nuna kai.

Da aka zo addu'a, kowa sai ya saci kallon na kusa da shi kafin ya durƙusa. Ya rubuta: kansu a haɗe yake, ba mai yin gaban kansa.

Wa'azi ne ya tayar masa da hankali. Ko tari faston ya yi, sai ka ji biro na ƙara a kan takarda. Wata tsohuwa har da zanen bagade. A cocinsu Tela kuwa, minti goma da fara wa'azi rabin dattawa sun yi nisa a gyangyaɗi. Kishi ya kama shi sosai.

Bai iya jira a tashi ba. Ya sunkuya ya aika wa Fasto saƙo ta waya: mutum talatin da ɗaya, duk riƙaƙƙun 'yan coci, masu ƙishin Maganar Allah, irinsu bai taɓa gani ba, a kira taron gaggawa. Nan take Fasto ya amsa cewa ya tura wa dattawa duka, har da surukin. Tela ya gyara zama, ya fara tunanin yadin da zai ɗinka na ranar naɗi.

Bayan albarka, faston wurin ya share fuska, ya yi murmushi.

“'Yan'uwa, wanda yau ce ranarsa ta farko a cikinmu, ya daure ya miƙe, ya faɗa mana daga inda yake.”

Tela ya so ya noƙe, amma ƙarya a ɗakin Ubangiji ta fi ƙarfinsa. Ya runtse ido ya miƙe, sai ya ji bencuna na ƙara gaba da baya.

Da ya buɗe ido, matar fasto ce kaɗai a zaune. Sauran talatin ɗin duk suna tsaye tsuru-tsuru da littattafansu, kowa fastonsa ne ya aiko shi ya ga irin mutanen da ke wannan coci.