Tsuntsun da Ba Ya Aikin Asabar

Auta ta tsoma takalman robarta cikin laka, ta ɗaga 'yar lasifikarta sama, ta danna. Kukan tsuntsu ya ratsa kan tabkin. Ta kashe da sauri, ta kasa kunne.

Auta suke ce mata a ofishin ƙungiyar kare muhalli, don ita ce ƙarama, ƙamshin makaranta ma bai bar jikinta ba. Aikin gwaji aka ɗauke ta. Ba ta gama sanin hanyar banɗaki ba ta kawo shawarar a sauya tambarin ƙungiya, a hana shan ruwan roba a ofis, a kuma dasa bishiya a inda Darakta ke ajiye mota. Darakta, mace mai haƙuri da tabarau a karan hanci, ta saurare ta tsaf, sannan ta tura ta tabki.

"Akwai wani ɗan tsuntsun ruwa mai jan baki da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba a gefenmu. Ki kawo shaidar yana nan, kujerarki ta tabbata. In ba haka ba, 'yata, sai dai mu raka ki da addu'a."

Gefenmu na nufin gaɓar gabas. Gaɓar yamma tana hannun wata ƙungiyar, kuma gaisuwa kaɗai ke haɗa ƙungiyoyin biyu, ita ma sama-sama. A tsakiyar tabkin dogayen ciyayin ruwa sun yi duhu, ko raƙumi ya shiga ba za a hango shi ba.

Dabarar lasifika a makaranta ta koyo ta. Tsuntsun mai kunya ne, ba ya fitowa fili, amma in ya ji kukan ɗan'uwansa yakan amsa. Malaminsu ya raba wa duk ajin kukan da ya naɗa da kansa shekarun baya. Aibin naɗin ɗaya ne: a ƙarshe malamin ya yi tari. Shi ya sa Auta take kashewa da sauri, kada tsuntsu ya raina ta.

Ta daɗe kwaɗi ne kawai ke kula ta. Sai wata Talata da hantsi, daga can bayan ciyayin, kukan ya dawo mata, siriri, daga nesa. Ta sake dannawa, aka sake amsawa. Saura kaɗan ta zauna cikin laka don murna.

Daga ranar suka ƙulla zumunci. Ta kira, ya amsa. Wani lokacin ma shi yake fara kira. Ta naɗi muryarsa a waya, ta kwatanta da na malam, bambanci ko na ƙwayar zarra babu. Ta lura ba ya son sammako, ba ya son ruwan sama. Don tsabar himma ta riƙa zuwa har Asabar da Lahadi, amma a ranakun ko uffan ba ya cewa.

Yayanta, wanda ke kai ta bakin tabki a babur, ya ce, "Ƙanwata, wannan tsuntsu naki ma'aikaci ne. Ki tambaye shi ko ana ba shi hutun shekara."

"Yaya, ba za ka gane ba. Hayaniyar masunta ce ke hana shi kuka a ƙarshen mako. Kimiyya ce."

Ta rubuta shafuka a kan wannan hali, har ta fara hango sunanta a mujallar masana. A zauren ajinsu na waya, Dogo, abokin hamayyarta tun shekarar farko, wanda ta kayar a neman wannan aikin har ya tafi ya samu wani wuri, ya rubuta cewa kowa ya shirya, babban labari na tafe daga wajensa. Auta ta taɓe baki. Bari ya ji nata tukuna.

Wa'adin gwajinta ya zo ƙarshe. Darakta ta saurari naɗin, ta gyara tabarau.

"Murya ba hoto ba ce. Gobe mu je tare, in ga jan bakin nan da idona."

Da hantsi suka shiga kwalekwale, Auta a gaba da lasifika, Darakta a tsakiya da kyamara, mai tuƙi na tura su a hankali cikin ciyayin da ba ta taɓa kutsawa ba. Ta danna. Aka amsa, yau da ƙarfi. Ta sake dannawa. Amsar ta ƙara matsowa.

"Zuwa yake yi," in ji Auta cikin raɗa. "Wajenmu yake zuwa."

Darakta ta saita kyamara. Ciyayin da ke gabansu suka fara motsi, motsin da ya yi wa ɗan tsuntsu yawa. Kukan ya sake tashi, kusa da su ƙwarai, ya kai har ƙarshe. Sannan aka yi tari.

Darakta ta sauke kyamara, ta dubi Auta ta saman tabarau. "'Yata, tsuntsun naki mura yake yi?"

Auta ta san tarin nan tun tana aji. Ciyayin suka dare, hancin wani kwalekwale ya leƙo daga gaɓar yamma, Dogo a tsugune a gaba ya ɗaga lasifikarsa sama, nasa daraktan a bayansa ya saita kyamara a kansu.