Wa Ya Ɗauke Takalman Gudu?

"Ina takalmana?" Tela ta ɗaga katifa, ta leƙa bayan keken ɗinki. Babu su.

Ta san aikin wace ce. Likita ta gaya mata ƙuraje ne a ƙwayayen mahaifarta, su suka ɗauke mata al'ada wata huɗu, suka tsiro mata da gashi a haɓa. Ta ce motsa jiki na minti talatin kullum zai rage kumburin da ke cikin jikinta. Tun daga wannan ranar, Gwaggonta da suke gida ɗaya, wadda aure uku bai ba ta ko ɓari ba, ta kafa mata ƙahon zuƙa.

"Mai neman haihuwa ba ta gudu, 'yar nan. Mahaifa kike girgizawa. Kwanta ki huta."

Tela ta yi kunnen ƙashi. Wata biyu tana hawa da sauka a matakalar benensu mai hawa biyar, makon jiya al'adar ta dawo. Yau kuma an ɓoye takalma?

"Wallahi ko ba takalmi sai na hau!"

A hawa na huɗu ta ji haki. Gwaggo ce dafe da bango, gumi sharkaf, takalman a ƙafarta. Hijabin da ba ta rabo da shi ya zame, ga gashi fari fat a haɓarta.

"Gwaggo!"

"Shekara talatin ina kwance ina hutawa. Me na haifa? Matsa mini, saura hawa ɗaya."