Shuɗin Biro

"Koma ka sake," in ji akawun. "Da baƙin biro ka cike."

Zuwana na shida ke nan neman izinin buɗe shagon ɗinki. Ko haushi ban ji ba. Na sayi shuɗi, na koma ƙarshen layi.

Dattijon da ke gabana yana cike tasa takardar da baƙi. Wai kaji zai kiwata, wata uku ana juya shi.

"Ɗana, wace irin doka ce wannan?"

Na dubi fuskarsa. Shekara takwas tana manne a bangon unguwarmu kafin ya faɗi zaɓe.

Na miƙa masa birona.

"Shuɗi suke karɓa, ranka ya daɗe. Kai ka kawo dokar a majalisa."